Mai Neman Kujerar Majalisar Gari, Me Ya Riƙo?

Ƴan'uwa na kwamitocin garuruwan kasuwa, in mutum ya zo neman ku tsai da shi takarar majalisar gari, ku ba shi tabarma, kana ku tambaye shi wanda ya san shi a tasha da bakin rijiya.

Ku tuna zaɓen majalisar Yamai na Nuwamba 1956. A Janairun shekarar nan Djibo Bakary ya nemi dipite ya faɗi, Diori Hamani da Georges Condat suka tafi Paris. To, me ya tashe shi cikin wata goma? Mushen lakwal ne da ya aje alli ya shiga sandika. Shekaru ya yi tare da leburori da direbobi da ma'aikatan kantuna, yana matsa wa Nasara su cika dokar aiki ta 1952, wadda ta yanka awa 40 a mako. Jam'iyyarsa UDN, da aka kafa a 1954, ba ta da sarakuna, ba ta da kumandan. Maganarta ladan lebura, da nauyin lanho, da bulalar dogarai. Da aka buɗe ƙuri'a ga kowa, mace da namiji, waɗannan mutane suka fito. Duk da haka sai da UDN ta gama kai da BNA a majalisa kafin ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na fari.

Amma fa mu faɗi gaskiya, ladan lebura ba a majalisar gari ake yanka shi ba. Wanda ya yi muku alkawarin abin da ba ya hannun majalisa, romon baka yake muku.

Abin da ke hannunta ga shi. Da fari kuɗin tikitin kasuwa. Mai tallar fura tana biya, mai jaki yana biya, mahauci yana biya. Ɗan takararmu ya yarda za a karanta lissafinsu a bainar jama'a, da Hausa, nawa suka shigo, nawa suka fita, wa ya sa hannu. In ya yi nawa wajen amsa wannan, ku sallame shi. Sa'an nan ruwa, unguwa unguwa, a fara da wadda matanta suka fi nisan tafiya, ko da ba ta ba mu ƙuri'a ba. Sai rabon filaye, inda ƴan majalisa da yawa suka zubar da mutuncinsu. Kada kuma a raina takardar haihuwa. Kowane mushe ya san yaro mai ƙwazo da rashinta ya tare wa hanyar jarrabawa.

Majalisun da aka zaɓa a Disamba 2020, soja sun rushe su a Afrilu 2024. Wannan ba dalilin naɗe hannu ba ne. Kowane kwamiti ya zauna ran kasuwarsa, ya rubuta buƙatun garinsa da sunan wanda jama'a suka shaida aikinsa, ya aiko wa sakatare.