Na'urar zuƙe ruwan miki: in an sayo ta, wa zai kwana da ita?

Jiya a filinmu na kiwon lafiya wani bawan Allah ya bugo daga Damagaram. Mahaifinsa na da ciwon suga, gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa, an kuma ba shi labarin wata na'ura mai zuƙe ruwan miki. Shi tambayarsa, jaka nawa ce? Ni kuwa tawa, wa zai kula da ita?

Ga yadda take. Ana yanka wani soso na musamman daidai girman mikin, a sa ciki, a rufe da leda mai danƙo don kada iska ta shiga, sannan a jona tiyo zuwa ɗan famfo. Famfon ke jan ruwa da mugunya, kumburi ya saɓe, sabon nama ya tofo. Ana canza pansaman bayan awa 48 zuwa 72. Tana aiki, ban musa ba.

Amma fa in ta tsaya fiye da awa 2, ƙa'ida ita ce a cire soson a koma pansaman da aka saba, don soson da ba a zuƙa gidan ƙwayoyin cuta ne. To ku tuna daren watan Afrilu a garuruwanmu: an ɗauke kuran, batir ya ƙare, gumi ya ɗaga ledar, malamar jinya ɗaya tak ga ɗaki cike da majinyata. Wa zai lura?

Kuma ba kowane miki ake sa wa ba. In akwai mataccen nama da ba a kankare ba, ko cutar ta shiga ƙashi ba a magance ba, ko kansa, ko jijiyar jini a fili, haramun. Mai shan maganin tsinka jini kuwa sai an sa masa ido sosai. A 2009 hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi bayan an rasa rayuka, galibi saboda zubar jini. Amurka fa!

Shi ya sa nake ganin kafin asibitocinmu su zuba kuɗi a na'ura, a fara horar da ma'aikatan jinya, su iya ƙirga soson da suka sa da wanda suka ciro, su san jan jini a cikin gwangwanin na nufin a kashe famfo a kira lokotoro. A haɗa da sola.

Shi kuwa mai bugo wayar, na ce masa ya fara kai tsoho a duba sugansa da gudun jini a ƙafar, tun wannan satin.