Me Ya Sa Hotunanmu Ke Fitowa Dishi-Dishi?

Jama'a, bara da na kai wa tsohuwata mujallar nan don ta ga hoton 'yan ajinmu, sai ta ɗora yatsa bisa wani yaro dabam, ta ce, "Ga ka nan." Aka yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Kowa ya ce laifin maɗaba'a ne. Ni kuwa a ganina rabin laifin namu ne.

Ga dalili. Wajen buga hoton baƙi da fari, injin ba shi da tawada mai ruwan toka, baƙa kaɗai gare shi. Saboda haka sai a farfasa hoton ya zama ɗige-ɗige, kamar an tankaɗe shi da rariya, manyan ɗigo wurin duhu, ƙanana wurin haske. Ido ne ke haɗa su daga nesa. Dabarar ta daɗe, gama tun 1880 wata jaridar Amurka, Daily Graphic, ta buga hoto haka.

To, kowace takarda da rariyarta. Takardar jarida takan ɗauki layin ɗigo kamar 85 a inci guda, mai sheƙi kuwa har 150. In aka sa rariya mai ƙananan idanu bisa takarda mai shan tawada, sai kowane ɗigo ya kumbura ya haɗe da maƙwabcinsa, fuska ta koma gawayi. Araha ba ta ado.

Sa'an nan ga namu sakacin. Ana so ɗigon hoton da za a kai ya ninka layin rariyar sau biyu, watau wajen 300 a inci ga takarda mai sheƙi. Mu kuwa sai mu aika ta WhatsApp, ya matse hoton, mu ce a buɗe shi rabin shafi. Wani ma daga tsohuwar mujalla zai ɗauko, rariya ta hau kan rariya, hoto ya fito da zane kamar saƙar tabarma.

Shawarata ita ce, a kai hoto na asali, a gaya wa mai bugu irin takardarmu tun da wuri, a kuma nemi gwaji a gani kafin a sa hannu. Gara hoto biyar masu kyau da ashirin na dodanni. Mujallar nan ita za mu nuna wa 'ya'yanmu wata rana. Allah Ya sa su gane mu.