RA'AYI: Ma'aikacin da zai yi ritaya a Minna ya fara koyon haɗa kujerar zamansa

Duk ranar Juma'a da yamma, hanyar Suleja zuwa Minna kan cika da motocin ma'aikatan gwamnatin tarayya masu komawa gida. Da yawansu sun gina gidaje a Bosso, ko Tunga, ko Maitumbi, ko Chanchaga, inda suke fatan zama idan shekara 60 ta haihuwa ko shekara 35 ta aiki ta cika. An zuba miliyoyi a gini, an shimfiɗa tayil, an dasa mangwaro a tsakar gida. Amma idan baƙo ya zo aka fita shan iska, farar kujerar roba ake jawo masa, wadda rana ta riga ta cinye, har akan haɗa biyu don kada ƙafarta ta buɗe da mutum.

Wannan kujera tana tona asirin irin shirin da aka yi. Maigida ya tanadi inda zai zauna, ya manta da abin da zai riƙa yi tsakanin Asuba da Azahar ranar da fayil ya daina zuwa teburinsa, waya kuma ta yi shiru. Tsarin fansho na karo-karo da aka soma a 2004 kuɗi kawai yake tarawa. Ba shi da maganin zaman banza, wanda kan tsufar da mutum fiye da aikin da ya bari. Shi ya sa ya dace ma'aikaci, tun yana da sauran ƙarfi, ya ware safiyar Asabar ya koyi aikin katako, kuma kujerar zaman waje ce mafi dacewa da farawa: ba ta cin katako mai yawa, sannan bayan mutum ne alƙalinta, duk kuskuren da aka yi zai faɗa nan take.

Babban shingen shi ne girman kai. A idon ɗan boko, zarto da guduma na wanda bai yi nisa a karatu ba ne. Jimmy Carter, wanda ya shugabanci Amurka daga 1977 zuwa 1981, kayan aikin kafinta ne ministocinsa da hadimansa suka yi masa kyautar sallama da su. Ya koma ƙauyensu na Plains ya yi shekaru yana haɗa kujeru da tebura, wasu ma aka yi gwanjonsu don tallafa wa cibiyarsa. Minna, garin da tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, suka zaɓa su zauna bayan barin mulki, ta fi kowane gari sanin cewa akwai doguwar rayuwa bayan ofis.

Ita kanta shahararriyar kujerar lambu ta Amurka, wadda ake kira Adirondack, ba ƙwararren kafinta ne ya ƙirƙiro ta ba. Wani mai suna Thomas Lee ne, yana hutu a Westport ta Jihar New York a 1903, ya yi ta gwada samfura a kan iyalinsa har ya dace da wadda ta fi daɗin zama: mazauni mai gangarawa baya, majingina mai tsawo, da hannuwa masu faɗi da za a iya ɗora kofi a kai. Sai dai kwafarta yadda take ba hikima ba ce. Ta yi ƙasa da yawa, dattijo mai ciwon gwiwa zai sha wahalar tashi daga cikinta duk lokacin da aka kira sallah. Mazauni mai tsayin inci 16 zuwa 17 daga ƙasa, da majingina mai ɗan kwantawa kaɗan, ya fi dacewa da wanda ake yi wa ita.

Yanayin Minna ba ya yafe wa aikin ganganci. Damina kan kai daga Afrilu zuwa Oktoba, katako ya sha ruwa ya kumbura, sannan hunturu ya busar da shi, zafin Maris ya ƙarasa tsattsaga shi. Wanda ya yi aiki da ɗanyen katako zai tarar kujerarsa ta fara girgiɗi kafin shekara ta zagayo. Dole a jera katakon a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, a yi haƙuri ya bushe. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe kujerar waje. Gara a sassaƙa rami a jikin ƙafa a zura bakin ɗaya katakon, ko a ɗaure da noti wanda ba ya tsatsa. A bar 'yar tazara tsakanin fale-falen mazauni domin ruwan sama ya zube. Ƙasan ƙafafu kuwa nan ne ƙofar gara da ruɓa, sai a cika shi da fenti, a kuma ajiye kujerar a kan siminti.

Akwai ƙorafin da ya cancanci amsa: dazuzzukan Jihar Neja suna ƙarewa, masu gawayi ma ba su bar kaɗanya ba. An yi wa madobiya irin saran da ya sa a 2016 aka shigar da ita jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu, saboda yadda ake kwasarta zuwa ƙasar Sin. Mai sha'awar wannan aiki ba shi da hujjar shiga wannan ɓarna. Malaina da tik itatuwa ne da ake dasawa, ga kuma tsofaffin ƙofofi da katakon rufi na maɗaci da ake fiddawa idan ana rushe gida, waɗanda sun bushe tun da daɗewa. Kujera ɗaya da za ta yi shekara ashirin ba ta kai buhunan gawayin da gida ɗaya ke ƙonawa a shekara cin daji ba.

Masu cewa za a raba kafintoci da abincinsu ba su lura da inda darasin zai fito ba. A wurin kafintan unguwa darakta zai koya, ya biya shi ladan koyarwa, ya kira shi maigida na 'yan sa'o'i. Wanda ya taɓa kwashe Asabar uku a kan kujera ɗaya kuwa da wuya ya sake yi wa kafinta tayin wulaƙanci.

Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999 ta hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma, don haka kujerun da zai haɗa yanzu na gida ne da na kyauta, ciniki sai bayan ritaya. Abin da ya rage shi ne wurin koyo mai tsari. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, da kwalejin fasaha ta gwamnati da ke garin suna iya buɗe ajin ƙarshen mako ga manya, Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya kuma ya lissafa shi cikin horon shirin ritaya, maimakon laccar kwana biyu a ɗakin taron otal.