Ba Kullum Ne Laifin Sabis Ba

A hutun da ya wuce na koma gida Zuru, na tarar yayana ya zo jinyar mahaifiyarmu. Shi akanta ne a wani ofis a Birnin Kebbi. Ga ƙarshen wata ya kawo jiki, ga takardar albashin ma'aikata tana cikin kwamfutar da ya baro bisa teburinsa. Ofishin nasu kuwa ya ba shi hanyar sarrafa wannan kwamfuta daga nesa, watau yana zaune a Zuru allonta ya bayyana a gabansa kamar yana kan kujerarsa. Kwana biyu yana fama abu ya faskara. Duk wanda ya shigo dubiya ya gan shi ya yi tagumi, sai ya ce, "Ai sabis ne." Ni a ganina wannan magana ta zama mana mafakar ƙiwa, domin da zarar an faɗe ta bincike ya ƙare.

Bari mai karatu ya kwatanta abin da gidan Bahaushe. Hanyar da ake kira VPN ita ce zaure. Da yawanmu mun san sunanta ne a watan Yuni na 2021, sa'ad da gwamnati ta rufe Twitter har zuwa Janairun 2022, mutane suka riƙa zagayawa ta cikinta. Amma ta ofis dabam take: baƙo ya yi sallama da sunansa da kalmar sirri, a shigar da shi cikin gida. To, shiga zaure ba shi ne shiga ɗaki ba. Sauran ya nemi kwamfutar da yake so da lambar adireshinta, ya ƙwanƙwasa ƙofarta, wadda a Windows lambarta 3389. In mai ɗakin yana barci, ko ya ƙaura, sai baƙo ya wuni a tsakar gida.

Saboda haka bincike daki-daki ake yinsa. Shin wani shafi na intanet yana buɗewa? In yana buɗewa, an wanke sabis. Shin VPN ta nuna an haɗu? In ta nuna, zaure ya buɗe ke nan, saura ɗaki, kuma a nan galibin cutar take. Kwamfutar tana iya yin barci don an daɗe ba a taɓa ta ba. Katangar tsaro tana iya tare ƙofar. Akwai ma nau'in Windows na gida wanda sam ba ya karɓar baƙo daga nesa, ko da an kwana ana roƙonsa.

Na yayana kuwa wuta ce. An ɗauke ta, aka kashe janareta da aka tashi aiki, kwamfutar ta mutu ba wanda ya kula. A rana ta uku ya bugo wa masinjan ofis waya, wani dattijo.

"Baba, don Allah duba akwatin nan na ƙarƙashin tebur, akwai 'yar fitila a kunne?"

"Ranka ya daɗe, babu. Allon ma baƙi ƙirin yake."

Ya danna, ta tashi, amma har yanzu shiru, domin da ta farka an ba ta sabuwar lambar adireshi, yayana yana ta ƙwanƙwasa tsohuwar. Sai da aka shafe kusan sa'a guda ana kwatanta wa Baba inda zai karanto lambar. Ba rashin basira ya jawo haka ba. Rubutun allon duk Ingilishi ne, shi kuma mai kwatancen ba shi da Hausar abin, sai "wancan ɗin" da "na gefensa".

Ban ce sabis ba ya laifi ba. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara maƙwabciyarmu saboda 'yan bindiga, kuma ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke, intanet ta yi rauni a Afirka ta Yamma. Irin waɗannan ba su da magani a hannun akanta. Amma sau nawa suke faruwa, in an gwada da ɗaukewar wuta?

Abin da ke hannun ofis shi ne ya tsayar wa kwamfutar lamba ɗaya, ya hana ta barci, ya saita ta ta tashi da kanta in wuta ta dawo. Masu cewa a jefar da VPN a buɗe ƙofar 3389 ga duniya don sauƙi, su sani ɓarayin intanet dare da rana suke laluben wannan ƙofa. Sa'an nan a rubuta wa wanda ke ofis takarda guda da Hausa, a liƙa a bango. A nan ne, malamaina, aikin ya iso Sashenmu. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya ba mu kalmomin nahawu da adabi. Na kwamfuta kowa ƙirƙirar nasa yake yi, kamar yadda na yi da zaure da katanga.

Albashi dai ya fita a makare da kwana biyu. Da yayana ya koma aiki aka kira shi aka yi masa faɗa, shi kuwa Baba ko sannu ba wanda ya ce masa.