Maki Amana Ne: Matsayinmu Kan Gurbin "Ƙarin Maki"

'Yan'uwa malamai da iyalanmu,

Tun da makarantu da dama suka ajiye rijistar takarda suka koma shigar da sakamakon ɗalibai a kundin maki na intanet, wani sabon gurbi ya bayyana a gefen na auna fahimta da na jarrabawar ƙarshen zango. Ana kiransa gurbin ƙarin maki. A ido ƙaramin abu ne, amma ta cikinsa ake neman mayar da sakamakon yaranmu kayan rabo. Matsayinmu a wannan reshe shi ne: duk makin da ba aikin karatu ne ya haife shi ba, shaidar zur ce, kuma ba za mu yarda a rubuta ta da sunanmu ba.

Kada wani ya ce muna gaba da kwamfuta. Mu ne muka sha kwana muna tara makin yara ɗari da 'yan kai a aji guda, da jan biro da fitilar waya, saboda haka mun fi kowa sanin sauƙin da ta kawo. Haka nan ba mu ƙi a saka wa mai ƙwazo ba. Yaron da ya warware lissafin da ya fi na ajinsu wuya, ko yarinyar da ta karanta littafi ta rubuta sharhinsa ba tare da an tilasta mata ba, sun cancanci a gani a sakamakonsu. Rigimarmu tana kan abubuwa uku: don me ake ƙarawa, wa ake ƙara wa, kuma hannun wa ke ƙarawa.

Bari mu fara da yadda gurbin yake aiki, domin iyaye su fahimta. Abin da aka zuba a cikinsa yana hawa kan makin ɗalibi, amma jimillar da ake aunawa da ita tana nan a 100. Masu kare tsarin kan ce ai ba a rage wa kowa komai ba. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafarta. Kwamfuta ce ke fitar da na ɗaya da na biyu, kuma ba ta tambayar inda maki ya fito. Idan wani ya ci 68 da guminsa, wani ya ci 65 aka ƙara masa 5, na biyun ya haye na farkon. A ma'aunin da jarrabawar WAEC ta saba mana da shi, 45 zuwa 49 D7 ne, 50 zuwa 54 kuwa C6. Ke nan maki biyar kacal na iya mayar da wanda bai kai ba ya zama mai kiredit, ko su tsamo wanda ya ci 36 daga F9.

To, don me ake bayar da waɗannan maki biyar? Labarin da membobi ke kawo mana ba ya da daɗin ji. Wani wuri an ce duk wanda ya kawo tsintsiya ko fartanya yana da maki. Wani wuri kuma sai wanda ya sayi takardun darasi da aka buga, ko ya biya kuɗin wani biki, ko ya tsaya a rana ya tarbi baƙo. Tsintsiya tana share aji, amma ba ta koya wa yaro raba jimla ko auna kusurwa ba. Idan makaranta na bukatar kayan shara, hukuma ta saya. Talaucin makaranta ba hujja ba ce ta sayar da sakamako.

Akwai kuma salon da ya fi wannan kyan fuska, wato a ɗora aikin ƙarin maki a intanet a ce kowa ya amsa daga gida kafin wayewar gari. Wane ne zai amsa? Ɗan gidan da ke da babbar waya da data da wutar caji. Yarinyar da mahaifinta ke fita da waya ɗaya tilo zuwa kasuwa, da yaron da unguwarsu ta kwana uku ba wuta, an rufe musu ƙofa tun kafin a buɗe ta. Makarantar gwamnati ita ce wurin da ɗan mai kuɗi da ɗan talaka ke zama a benci ɗaya a auna su da mudu ɗaya. Wanda ya kawo mudu na biyu ya rushe dalilin kafa ta.

Batu na uku ya fi shafar wuyanmu. A zamanin rijistar takarda, idan aka mayar da 38 ta zama 48, kankara tana nunawa, rubutun hannu yana tona mai shi. A kwamfuta lamba tana sauyawa ba tabo. Sau da yawa kuma lambar sirrin shiga kundin tana hannun mutum uku ko huɗu: malamin darasi, jami'in jarrabawa, shugaban makaranta, wani lokaci har da mai shagon kwamfuta da aka ba aikin shigarwa. Malami ya miƙa sakamako ranar Alhamis, ranar Litinin ya tarar an taɓa shi, sunansa kuma na nan a kai. Ranar da bincike ya zo, wanda ya yi waya daga sama ba ya cikin takarda. Malamin da aka yi aiki da sunansa shi zai amsa tambaya, shi za a dakatar, rijistarsa ta hukumar TRCN ce za ta shiga haɗari, iyalinsa ne za su rasa albashi.

Za a ce mana tausayi ne, yaro ya kusa ci, a ɗan tura shi. Mun san tausayi, domin mu ne muke ganin yaran nan da yunwa a aji. Amma a duba inda turawar ke kai su. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta kawo auna fahimta a kai a kai ne domin malami ya gano raunin ɗalibi da wuri ya yi maganinsa. Makin da aka kumbura yana ɓoye ciwon ne, har yaro ya haye aji uku da shi. Makarantun sakandare suna tura makin auna fahimta na manyan azuzuwa zuwa hukumar WAEC, don haka ƙaryar ba ta tsayawa a harabar makaranta. Daga nan yaro ya je ya zauna gaban kwamfutar JAMB, wadda tun 2015 ta zama hanyar rubuta jarrabawar shiga jami'a, inda babu gurbin ƙari kuma babu kawu. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. A ranar kuma mu za a zaga, a ce malamai ba sa koyarwa.

Ga iyalanmu muna da roƙo. Yawancin buƙatun nan ba ta ofis suke zuwa ba, ta zaure da ɗakin uwargida suke biyowa: ɗan maƙwabci ne, jikan Hajiya ne, a taimaka. Ku taya mu da cewa a'a tun daga bakin ƙofa. Wanda yake son taimakon yaro ya turo shi mu zauna da shi mu maimaita darasi. Ga abokan aiki kuma, ƙungiya za ta tsaya wa duk wanda aka matsa wa ya sauya maki ya ƙi. Wanda ya karɓi abin hannu ya ƙara, kada ya zo neman inuwarta.

Abin da muke nema daga shugabannin makarantu da hukumar ilimi a fili yake. Na farko, a sanar da duk aikin ƙarin maki a rubuce tun farkon zango, kuma ya zama aikin karatu ne cikin darasin. Na biyu, ya kasance kowane ɗalibi zai iya yinsa a cikin makaranta, a lokacin makaranta, ba tare da kashe ko kwabo ba. Na uku, a sa masa iyaka ɗaya ga kowa, kuma a nuna shi daban a takardar sakamako domin iyaye su gani. Na huɗu, kowane malami ya riƙe lambar sirrinsa shi kaɗai, duk gyaran da za a yi bayan ya miƙa sakamako kuma sai da sa hannunsa, tare da sunan mai gyaran da dalilinsa. Makarantar da ba za ta iya cika waɗannan ba, ta rufe gurbin.

Kafin a amsa mana, kowane memba ya buga kwafin makin da ya shigar, ya sa hannu da kwanan wata, ya ajiye a gida. Wanda aka umarce shi da baki ya ƙara wa wani maki, ya nemi a ba shi umarnin a rubuce, sannan ya sanar da wakilin ƙungiya na makarantarsa a ranar. Za mu kai waɗannan buƙatu huɗu gaban hukuma da sunan reshe gaba ɗaya, kuma muna son ganin kowa a taro mai zuwa da kwafinsa a hannu.