Kwamfuta Ɗaya Ta Yi Aikin Biyar: Abin Dubawa Kafin A Je Ikeja Sayen Inji

Ran 22 ga watan Nuwamba 1923 ba a san kwamfuta ba, amma ran 22 ga watan Nuwamba 2023, shekara ɗari daidai, wani ciniki da aka ƙulla a Amurka ya taɓa aljihun bankuna da asibitoci da makarantu har a nan Legas. A ranar ce kamfanin Broadcom ya kammala sayen kamfanin VMware a kan dala miliyan dubu 61, ban da bashin dala miliyan dubu 8 da ya ɗauka a kansa. Ba a yi wata guda ba sabon mai gida ya ba da sanarwar cewa ya daina sayar da lasisin dindindin, watau wanda mutum kan biya sau ɗaya ya huta. Daga nan sai haya, kowace shekara a biya, kuma da dala. A watan Fabrairu 2024 ya janye manhajar ESXi ta kyauta wadda masu koyo da ƙananan ofisoshi suka dogara da ita, ko da yake ya dawo da wata irinta a watan Afrilu 2025. Ko katafaren kamfanin tarho na AT&T sai da ya kai ƙara kotu a 2024, yana cewa an nemi ƙara masa kuɗi fiye da ninki goma. Daga baya suka sasanta.

To, me VMware ke sayarwa har ake wannan rigima?

Wanda ya taɓa zaman gidan haya a Agege ko Idi-Araba ba zai sha wuyar ganewa ba. Gida ɗaya ne, rufi ɗaya, famfo ɗaya, mita ɗaya, amma an yanka shi ɗaki-ɗaki, kowa da ƙofarsa da kwaɗonsa. Haka ake yi wa babbar kwamfutar nan da ake kira sabar, wadda ke zaune a lungun ofis dare da rana tana riƙe da lissafin kuɗi da sunayen ma'aikata da sauran takardu. A da kowane aiki da injinsa: na albashi daban, na ajiyar takardu daban, na wasiƙu daban, kuma galibinsu suna cin wuta ne kawai, aikin da suke yi bai kai rabin ƙarfinsu ba. Sai aka samu dabarar sa wata manhaja a kan inji ɗaya ta zama kamar wakilin mai gida, ta yanka shi gida biyar ko goma, kowane yanki yana ɗaukar kansa cikakkiyar kwamfuta ce. Wani ɗakin Windows ke ciki, wani Linux, kuma in ɗaya ya rikice sauran ba ruwansu.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM ya yi ta tun shekarun 1960 a kan manyan injunansa, ya fito da VM/370 a 1972. VMware, wanda aka kafa a 1998, shi ne ya sauko da ita kan injunan da talaka ke iya saye. Sa'an nan Intel a 2005 da AMD a 2006 suka gina abin a cikin firosesa kanta, watau ƙwaƙwalwar injin. Shi ya sa yau kusan kowace kwamfuta tana iyawa, sai dai a shiga cikin saitin farko a kunna abin da ake kira VT-x ko AMD-V.

Dalilin da ya sa maganar ta shafi mai makaranta a Alaba Rago, ko mai kantin magani a Sabon Ibadan, ko mai ofishin motocin dakon kaya a Apapa, shi ne wuta. A watan Afrilu 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane ma'auni. An ɗan rage daga baya, amma a shekarar bai sauko ƙasa da 200 ba. A ɗauka tsohuwar sabar tana jan wat 250 ba tsayawa. A wata guda ma'auni 180 ke nan, watau kusan naira dubu 40 a farashin nan. In guda biyar ne, an doshi dubu 200, ba a sa kuɗin na'urar sanyaya ɗaki ba, ba a kuma sa man janareta na ranar da aka ɗauke wuta ba. Wanda ya tattara biyar ɗin nan cikin inji ɗaya mai ƙarfi, lalle ya ga bambanci a takardar kuɗin wuta tun watan farko.

Wasu za su ce me ya kai mutum sayen inji tun da ana iya hayar ɗaki a injunan Amazon ko Microsoft ta intanet. Gaskiya ne ana yi, kuma ga wasu ayyuka shi ya fi. Amma hayar da dala ake lissafa ta, ga shi kuwa dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a watan Mayu 2023 ta haura 1,500 a watan Fabrairu 2024. Har wa yau ba a manta da ran 14 ga watan Maris 2024 ba, sa'ad da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace daura da gaɓar Kwaddebuwa, mutane suka yini suna fama da bankuna. Wanda littafin cinikinsa ke Turai ranar nan ya ga ta kansa. Akwai hanya ta tsakiya, ita ce mutum ya sayi injinsa ya kai shi ajiya a gidajen da aka gina domin haka, irin su Rack Centre a Ikeja, ko na MainOne a Lekki wanda kamfanin Equinix ya saya a 2022 kan dala miliyan 320. Su ke da wuta da sanyi da tsaro, mai inji ya biya kuɗin wuri.

Kafin a yi maganar ƙarfe sai an yanke shawarar wane wakili za a ɗora a gidan, domin shi ke faɗin irin injin da zai karɓa. VMware yana da jerin injunan da ya yarda da su, sababbin fitowarsa kuwa ba sa karɓar tsofaffin firosesa, kuma an ajiye watan Oktoba 2025 ya zama ƙarshen tallafin fitowa ta 7 wadda ofisoshi da yawa ke kai. Bugu da ƙari, yanzu kuɗin lasisinsa bisa yawan ƙwayoyin firosesa ne, kuma ko firosesa tana da ƙwaya takwas sai an biya na 16. Saboda haka mai ƙaramin ofis da ya sayi inji mai firosesa biyu don burga ya ninka wa kansa haya ne. Shi ya sa jama'a da dama suka juya ga Proxmox, na wani kamfani a birnin Biyena na ƙasar Ostiriya, wanda ya fito tun 2008, kyauta ne, sai wanda ke son tallafi ya biya. A 2024 ma suka ƙara masa hanyar kwaso ɗakuna kai tsaye daga VMware. Akwai kuma Hyper-V na Microsoft da ke zuwa cikin Windows Server, da XCP-ng. Abu ɗaya da akan manta: wakili na kyauta bai sa Windows ɗin da ke cikin ɗakuna ya zama kyauta ba. Lasisin Windows Server na Standard ɗaki biyu kawai ya halatta.

Sai kasuwa. Wanda ya shiga layin Otigba a Computer Village zai tarar da tsofaffin injunan da kamfanonin Turai da Amurka suka sallama, irin su Dell PowerEdge R720 na 2012, da R730 da HP ProLiant DL380 Gen9 na 2014. Ba abin raini ba ne, an ƙera su don su yi shekaru ba a kashe su ba. Amma mai sayarwa zai fara ne da kirarin firosesa, alhali kuwa a gidan haya irin wannan ba firosesa ke fara ƙarewa ba. Ram ke fara ƙarewa, watau wurin da inji ke shimfiɗa aikin da yake yi a lokacin. Ƙarfin firosesa ana iya karɓa-karɓa da shi tsakanin ɗakuna, kamar yadda maƙwabta ke layin famfo, amma ram kamar tabarma ce, inda wani ya kwanta wani ba ya kwanciya. Ɗaki biyar, kowane da giga 8, an tashi 40, ga na wakilin kansa, ga kuma ɗakin da za a ƙara baɗi. Giga 64 ba almubazzaranci ba ne. Ya kamata ya zama irin da ake kira ECC, mai gyara ƙananan kurakuransa da kansa, kuma a leƙa a ga an bar ramuka a buɗe don ƙari. A ƙarshen 2025 farashin sabon ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya saboda masu gina rumbunan ƙirƙirarriyar basira sun yi ta wawure shi, don haka injin da ya zo da nasa cike ya fi wanda za a ce a cika daga baya.

Na biyu faifan ajiya. Kwamfuta biyar suna karatu da rubutu a kan faifai ɗaya mai juyawa, tafiyar hawainiya za a gani, a yi ta zargin firosesa ba laifinta. SSD ake so, guda biyu aƙalla, kowane yana kwafin ɗan'uwansa, domin in ɗaya ya mutu aiki ya ci gaba. Tsohon faifan da ya zo cikin injin gwanjo kuwa shi ne abin da bai kamata a amince masa ba, tun da ana iya duba awoyin da ya yi yana aiki, kuma sau da yawa shekaru ne. Mai niyyar amfani da tsarin ZFS na Proxmox ya tambaya ko katin da faifan ke maƙale da shi yana barin manhaja ta ga kowane faifai kai tsaye, don wasu katunan RAID ba sa bari.

Akwai abin da takardar inji ba ta faɗi. Waɗannan injuna an yi su ne don ɗaki mai sanyi marar ƙura, kuma fankokinsu na ruri kamar injin niƙa. Wanda zai ajiye shi a shago ɗaya da akawunsa gara ya nemi irin mai tsayuwa kamar akwati, ko ma ƙaramar kwamfutar tebur mai ram da yawa in koyo ne kawai. Yaron da ke son sana'ar nan ba ya bukatar sabar ko kaɗan a farko, VirtualBox a kan kwamfutar cinya ya isa ya gane yadda abin yake.

Amma fa babban haɗarin yana nan inda ribar take. Da injuna biyar ne, in ɗaya ya ƙone huɗu na aiki. Yanzu rufi ɗaya ne, in gobara ta tashi duk 'yan haya suna waje, da lissafin albashi da sakamakon ɗalibai da bashin da ake bin 'yan kasuwa. A garin da wuta kan tafi ba sallama ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima, inji mai wurin shigar wuta biyu da batirin riƙo na UPS ba ado ba ne, kuma a haɗa su da waya yadda in batiri ya kusa ƙarewa injin zai rufe ɗakunansa a hankali ya kwanta. Faifai biyu masu kwafin juna ma ba su ne ajiya ba, domin abin da aka goge bisa kuskure, ko wanda ɓarayin intanet suka kulle suna neman fansa, a duka biyun yake tafiya lokaci ɗaya. Ajiya ita ce kwafin kowane ɗaki a wani inji dabam, da wani kwafin a wani gini dabam, ko da gidan mai ofis ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da sunaye da lambobin mutane alhakin tsare su, ba ta ware ƙaramin ofis ba.

Manyan ma'aikatu kan jera inji uku don in ɗaya ya faɗi sauran su ɗauki 'yan hayarsa nan take. Mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya wannan ba, amma kuɗin da zai zuba a sabuwar sabar guda ɗaya sau da yawa ya isa ya sayi tsofaffi biyu iri ɗaya, ɗaya na aiki ɗaya na karɓar kwafi kowane dare, kuma kayan gyaran wannan ya shiga wancan. Kafin a biya kuɗi a Ikeja a sa mai kaya ya kunna injin, a buɗe shafin lafiyarsa, iDRAC in Dell ne, iLO in HP ne, a karanta tarihin ciwon da ya taɓa yi, sa'an nan a rubuta kwanakin garanti a jikin rasit.