RA'AYINMU: Su Wa Za A Riƙe A Kulob Ɗin Jigawa Golden Stars?

Idan alƙalin wasa ya busa usur na ƙarshe a kakar ƙwallon ƙafa, 'yan kallo sukan watse kowa ya koma harkarsa, a kan cewa magana ta ƙare sai wata kakar. Amma ga mutanen da aka danƙa wa riƙon kulob, a sa'an nan ne aiki yake somawa. Cikin 'yan makonnin nan na hutu ake zama a yanke shawara game da wanda za a riƙe, da wanda za a sallama, da wanda za a nemo daga waje, da kuma yaran da za a ɗauko a gwada. Abin da aka shirya a ofis cikin hutu, shi ne jama'a za su gani a fili bayan wata huɗu ko biyar, ko su yi tafi ko su yi tsaki. Saboda haka muka ga ya kamata mu ja hankalin hukuma da jama'a a kan kulob ɗin Jiharmu, watau Jigawa Golden Stars, domin da kuɗin jama'a ake tafiyar da shi, kuma duk abin da ake yi da kuɗin jama'a, jama'a suna da ikon su tofa albarkacin bakinsu a kansa.

Tarihin kulob ɗin ba ɓoyayye ba ne. Ya faɗo daga babbar gasar ƙasa a 2012, shekarar da maƙwabtanmu Kano Pillars suka ɗauki kofi. Ya sake hawa a 2019 tare da Adamawa United da Warri Wolves da Akwa Starlets. Kakar farko ba ta kai ƙarshe ba, domin annobar korona ta tsayar da wasanni cikin watan Maris na 2020, kuma ba a saukar da kowa ba a wannan shekara. Da aka kammala kaka ta biyu a 2021, sai kulob ɗin ya sake faɗowa rukuni na biyu. Daga 2022 zuwa 2025 an yi hawa sau huɗu, kowace shekara kulob huɗu, amma ba a kira sunan Jigawa ba. Pillars da Katsina United sun faɗo a 2022, suka koma a 2023. Har Barau FC ta Kano, wadda jiya-jiyan nan aka kafa ta, ta hau a 2025. A zaman da kulob ɗinmu ya yi a sama kuwa, wasannin da ake kira na gida an yi su ne a Kano da Kaduna, yaron Takur ko na Garu bai samu ya tako da ƙafa ya ga kulob ɗin garinsu yana karawa da Enyimba ba.

Ba mu kawo wannan don mu ci fuskar kowa ba. Mun kawo shi ne domin duk wanda ya dubi wannan hawa da sauka zai gane cewa akwai abin da ya kamata a sake, kuma a ganinmu wurin da za a fara sakewa shi ne yadda ake haɗa 'yan wasa lokacin hutu.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a kulob-kulob ɗin gwamnatoci a ƙasar nan. Da zarar kaka ta ƙare ba yadda aka so ba, sai a sallami koci, a sallami rabin 'yan wasa ko fiye, sa'an nan a yi shela cewa za a yi gwaji. Samari su taru daga kowace kusurwa, a duba su kwana uku ko mako guda, a zaɓi waɗanda suka burge. Sabon koci kuma ya zo da nasa mutanen, waɗanda suka bi shi daga kulob ɗin da ya baro, dillalai su ma su kawo nasu. A ƙarshe sai a tara mutum talatin ko fiye waɗanda ba su taɓa wasa tare ba, a ba su kwantiragin kaka guda, a ce su kawo kofi. In abin bai yiwu ba, baɗi a sake rushewa a sake ginawa. Kuɗi sun tafi, 'yan wasa sun tafi, ba abin da ya rage wa kulob sai tsofaffin riguna da bashin albashi. Manomin Jahun ko na Miga da ya sayar da hatsinsa duka har da iri, kowace shekara sai ya je kasuwar Shuwarin ya sayo irin da bai san asalinsa ba, ba wanda zai kira shi mai dabara. To, haka wannan al'ada take.

Abin da muke so hukumar kulob ta yi shi ne ta ware gurabe sanannu, a rubuce, ga yaran Jihar nan waɗanda shekarunsu ba su wuce 20 ba, kuma a riƙe su shekara uku ko huɗu, ba kaka guda ba. Jihar Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27. Duk wanda ya bi hanya daga Dutse zuwa Kiyawa, ko Birnin Kudu, ko Gwaram, ko Buji da la'asar sakaliya zai ga filin kowace firamare cike da yara suna buga tamaula, wasu ko takalmi babu. Ba zai yiwu a ce cikin wannan taro duka babu goma da za su iya zama 'yan wasan kirki ba. Abin da babu shi ne mai zuwa ya dube su a kai a kai, ya rubuta sunansu, ya bi su shekara da shekara. Gasar makarantun sakandare, wadda a da ita ce mahaƙar 'yan wasa a Arewa, ita ce hanya mafi sauƙi kuma mafi arha, domin malamin wasanni na makaranta ya san yaron, ya san mahaifinsa, ya kuma san ajin da yake.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce a duniya. A Amurka, inda wasan besbol yake da farin jini kamar yadda ƙwallon ƙafa take da shi a nan, kulob ɗin St. Louis Cardinals ya ga cewa ba shi da kuɗin da zai yi gogayya da manyan kulob na birnin New York wajen sayen gwanaye. Sai wani jami'insa mai suna Branch Rickey, wajen shekarun 1920, ya shiga mallakar ƙananan kulob a ƙananan garuruwa, yana tara yara a can ana koya musu, wanda ya nuna sai a ɗauko shi zuwa babban kulob, wanda ya yi yawa a sayar wa wasu. Su da kansu suka sa wa tsarin suna gona. A 1926 kulob ɗin ya ci kofinsa na farko na ƙasa, daga baya sauran kulob duk suka kwaikwaya. A nan gida ma, Remo Stars ta garin Ikenne a Jihar Ogun, wadda take da makarantar renon yara mai suna Beyond Limits, ta ɗauki kofin babbar gasar Nijeriya a 2025. Ikenne kuwa ba babban birnin jiha ba ne kamar Dutse.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda muke so ma'aikatan Gwamnati su dube ta da kyau, domin a hannunsu fayil yake. Dokokin hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, watau FIFA, sun tanadi cewa duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga kulob na wata ƙasa zuwa na wata, za a cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka rene shi tun yana shekara 12 har zuwa 23. Shekaru huɗu na farko kowace tana da kwata na kashi ɗaya, sauran takwas ɗin kowace tana da rabin kashi ɗaya. Bari mu yi lissafi irin na ɗan aji shida. A ce yaro ya zauna a Golden Stars daga shekara 16 zuwa 19, ya tafi, bayan wasu shekaru wani kulob na Faransa ya saye shi daga na Beljiyam a kan abin da ya kai naira biliyan 1. Rabon Jigawa a wannan ciniki naira miliyan 20 ne, ba tare da ta ɗaga ko tsinke ba, kuma in aka sake sayar da shi za ta sake karɓa. Ban da wannan akwai ladan horo da ake biya sa'ad da yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko a waje. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a birnin Paris mai bin waɗannan kuɗi, amma fa da rajista yake aiki. Yaron da ba a shigar da sunansa a rajistar Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya ba, ko da ya shekara biyar yana cin tuwon kulob, a wurin FIFA ba a taɓa ganinsa a Dutse ba. Sakacin akawu guda yana iya jawo wa jiha asarar da ta fi kasafin kulob na wata da watanni.

Kowa ya san labarin Ahmed Musa. Yana ɗan shekara 17 Kano Pillars ta ba shi riga, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya fi kowa a gasar. Kulob ɗin VVV Venlo na Holan ya ɗauke shi, sai da ya jira ya cika 18 cikin watan Oktoba na 2010 kafin ya fara wasa, domin doka ta hana kai yaro wata ƙasa kafin wannan shekara. Daga can ya tafi CSKA ta Mosko a 2012, sa'an nan Leicester ta Ingila a 2016. Da kocin Pillars na wancan lokaci ya ce yaro ne, ya zauna a benci sai ya girma, da wani labari ake yi yau.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce rukuni na biyu ba wurin wasan yara ba ne, akwai doguwar tafiya a mota, da filaye marasa ciyawa, da 'yan kallo masu zafin kai, kuma jama'a sun ƙosa su ga an hau. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu ce a kori manya duka ba. Kulob yana bukatar ginshiƙai: gola wanda ya ga jiya ya ga yau, da mai tsaron baya da zai riƙa tsawata wa yara, da ɗan tsakiya mai sanyin zuciya. Amfanin da Pillars ta ci daga Rabi'u Ali, wanda ya shekara fiye da goma yana sanye da rigarta, ya isa shaida. A riƙe irin waɗannan, mutum shida ko bakwai, a biya su da kyau, a gaya musu ƙarara cewa renon na baya yana cikin aikinsu. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a cika sauran guraben da 'yan ci-rani waɗanda ba su fi yaranmu da komai ba sai yawan kulob ɗin da suka zaga. Kuma tilas ne a faɗa wa koci gaskiya tun ranar da aka ɗauke shi. Kocin da ya san za a kore shi in ya faɗi wasa uku a jere ba zai taɓa sa ɗan shekara 18 ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Waɗanda za a sallama kuwa, a sallame su da mutunci. A biya kowa haƙƙinsa har kwabo na ƙarshe, a ba shi takardar sallama da wuri domin ya samu ya nemi wani wuri kafin a rufe rajista. 'Yan wasa suna magana da junansu, kuma kulob ɗin da ya yi suna wajen riƙe haƙƙin mutane, iyaye ma ba za su so su ba shi 'ya'yansu ba.

Sai maganar shekaru, wadda ba a so a taɓa. Nijeriya ta ci kofin duniya na yara sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma zargin rage shekaru ya daɗe yana bin ƙwallon ƙasar nan, har FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu da na'ura a 2009. Idan za a ware gurabe ga yara, to, a tabbata yara ne. Mutum mai shekara 26 da ya aske gemu ya ce shi ɗan 18 ne ya cuci yaron gaskiya, ya kuma cuci kulob, domin za a kashe kuɗi ana jiran ya ƙaru alhali ya riga ya gama girma. A nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, a haɗa da rajistar firamaren da ya yi, in ta kama a tambayi mai unguwa. A ƙauyukanmu ba a ɓoye shekarar da aka haifi mutum, sa'o'insa suna nan.

Ga 'yan makaranta masu karanta wannan shafi, muna cewa kada wanda ya ajiye littafi saboda an kira shi gwaji. Cikin yara ɗari da suke mafarkin Turai, da wuya ɗaya ya taka jirgi, kuma rauni guda a gwiwa yana iya rufe maganar ƙwallo a yini ɗaya. Dutse tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha, ga makarantun sakandare kewaye da ita. Ba abin da zai hana kulob ya sa a cikin kwantiragin kowane yaro cewa zai ci gaba da karatu, a tsara lokacin atisaye yadda ba zai ci karo da aji ba, kuma kada a sa hannu a kan komai sai mahaifi ko waliyyi yana zaune. Doka ma ba ta yarda a ɗaure wanda bai kai 18 ba da kwantiragin da ya wuce shekara uku.

Muna kira ga ma'aikatar da ke kula da wasanni da hukumar kulob ɗin da su buga jerin sunayen 'yan wasan da aka yi wa rajista kafin a fara kowace kaka, a nuna shekarun kowa, da tsawon kwantiraginsa, da kulob ko makarantar da aka ɗauko shi. Kwamitin wasanni na Majalisar Dokokin Jiha kuma ya nemi wannan jeri a gabansa duk lokacin da aka zo kare kasafin kuɗi, ya ajiye na bana kusa da na bara, ya ƙirga mutum nawa ne sunansu ya fito a duka biyun.